Haske, Rini da Haƙoran Roba: Darasin da Kano Za Ta Ɗauka daga Brazil

Duk wanda ya san Titin Zariya daga Unguwa Uku zuwa Gyadi-Gyadi ya san hanya ce ta masu neman lafiya. Motoci na sauke fasinja a tashar Unguwa Uku daga garuruwa na kusa da na nesa, da yawansu kuma Adaidaita Sahu suke tara zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988. Wani hawan jini ne ya kawo shi, wata ciwon suga, wani ƙoda. A cikinsu akwai masu ɗauke da wata cuta a baki wadda ba dominta suka zo ba, wasu ma ba su san suna da ita ba, saboda tana kwance ne a ƙarƙashin haƙoran robar da suke sawa.

Haƙoran roba rufin asiri ne. Dattijon da haƙoransa suka zube yakan koma cin tuwo da nama cikin mutane, matashin da haɗarin babur ya yi wa giɓi yakan sake yin dariya ba tare da rufe baki ba. Sai dai a ƙasar nan mun ɗauki sa haƙoran roba a matsayin ƙarshen magana: an auna, an haɗa, an biya, an tafi. A ƙasar Brazil likitocin haƙori da masana kimiyyar haske sun daɗe suna bin diddigin abin da ke faruwa bayan an tafi ɗin, har suka gwada kashe cutar da rini da hasken fitila. Abin da suka gano ya shafe mu, kodayake darasin da ke ciki ya fi ƙarfin fitilar kanta.

Cutar da ke ɓoye ƙarƙashin roba

Akwai wata ƙwayar halitta dangin fumfuna da ake kira Kandida, wadda ke zaune a bakin mutane da dama masu cikakkiyar lafiya ba tare da ta yi musu komai ba. Yawu na wanke ta, harshe na share ta, garkuwar jiki na taka mata burki. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Idan aka kifa roba a kan ganɗa, an samar da wuri mai ɗumi da danshi wanda yawu ba ya ratsawa sosai. Fuskar robar da ke manne da nama ba a goge ta ta yi santsi kamar ta waje, tana da ƙananan ramuka da ido ba ya gani. Nan Kandida ke maƙalewa, ta haɗu da sauran ƙwayoyin cuta, su yi wa kansu wani rufi mai yauƙi da ke hana magani isa gare su yadda ya kamata.

Sakamakon shi ne ganɗa ta yi ja daidai inda robar ta rufe. Tun a 1962 wani likitan haƙori mai suna Newton ya kasa cutar gida uku, kuma har yau da rabon nasa ake aiki: na farko jan ɗigo-ɗigo, na biyu ja da ya mamaye duk inda robar ta kwanta, na uku kuwa naman ya yi gudaji-gudaji. Mafi yawan masu ita ba sa jin ciwo, shi ya sa take daɗewa. Wasu kan ji raɗaɗi in sun ci yaji, ko warin baki, ko gefen leɓɓansu ya riƙa tsagewa.

Ba cuta ce ta ɗaiɗaiku ba. Wani nazari da aka buga a 2011, wanda ya tattara binciken ƙasashe daban-daban, ya nuna ana samun ta a tsakanin kashi 15 zuwa sama da kashi 70 cikin ɗari na masu haƙoran roba, gwargwadon wuri da irin mutanen da aka duba. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta cewa kusan kashi 23 cikin ɗari na waɗanda suka kai shekara 60 a duniya ba su da haƙori ko ɗaya. Abubuwan da ke buɗe wa cutar ƙofa sanannu ne: kwana da haƙoran a baki, rashin wanke su, robar da ta tsufa ta daina zama daram, shan taba, bushewar baki, yawan shan magungunan kashe ƙwayoyin cuta ba bisa ƙa'ida ba, raunin garkuwar jiki, da ciwon sugan da ba a kula da shi ba.

Magani akwai. Nistatin, wanda wasu mata biyu masu bincike a jihar New York ta Amurka, Elizabeth Hazen da Rachel Brown, suka gano a 1950, har gobe yana aiki. Akwai mikonazol na shafawa, akwai fulkonazol na haɗiya. Matsalar ita ce cutar na yawan komowa bayan an gama shan magani, sannan wasu jinsunan Kandida sun fara jure wa magungunan. A watan Oktoba na 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin ƙwayoyin fumfuna 19 da ta ce suna barazana ga ɗan Adam, ta kuma sanya jinsin Kandida da ya fi haddasa wannan cuta ta baki a rukunin da ya fi haɗari. Wannan ne ya sa aka waiwayi wata tsohuwar dabara.

Tsohuwar dabara da aka manta

A 1900, a birnin Munich na Jamus, wani ɗalibin likitanci mai suna Oscar Raab yana gwada wani rini a kan ƙananan halittun ruwa. Sai ya lura cewa rinin na kashe su da sauri idan akwai haske, amma a cikin duhu ba ya yi musu wata illa ta a zo a gani. Malaminsa, Hermann von Tappeiner, ya bi sawun abin har aka tabbatar cewa sai abu uku sun haɗu: rini, haske, da iskar oksijin. In aka cire ɗaya, aikin ya tsaya. A 1903 shi da wani likitan fata suka gwada dabarar a kan sankarar fata. A wannan shekarar ce kuma Niels Finsen na ƙasar Denmark ya samu lambar yabo ta Nobel saboda warkar da tarin fuka na fata da haske.

Da fenisilin da 'yan'uwansa suka bazu a shekarun 1940, sai duniya ta ga ta samu hanya mafi sauƙi, aka jingine maganar haske. Likitocin sankara ne suka farfaɗo da ita a shekarun 1970, musamman Thomas Dougherty a birnin Buffalo na Amurka, har ƙasar Kanada ta amince da maganin farko na wannan hanya a 1993. Da ƙwayoyin cuta suka fara gagarar magunguna, sai aka dawo da dabarar inda ta faro, wato kashe ƙwayoyin.

Ga yadda abin yake aiki. Ana shafa ko fesa rinin a wurin da cutar take, a bar shi ya shiga jikin ƙwayoyin. Sannan a haska wurin da fitila mai launin da rinin ke iya tsotsa: shuɗin rinin metilin yana son jan haske, sinadarin da ke cikin kurkum kuma yana son shuɗin haske. Rinin na karɓar ƙarfin hasken ya miƙa shi ga oksijin da ke wurin, sai oksijin ɗin ya rikiɗe ya zama mai ƙuna, ya farfasa bangon ƙwayar da abin da ke cikinta. Wannan oksijin mai ƙuna ba ya rayuwa ko da ƙiftawar ido, don haka ɓarnarsa ba ta wuce inda aka shafa rinin aka kuma haska. Tun da yake ta fuskoki da yawa yake kai wa ƙwayar hari a lokaci guda, da wuya ta koyi jure masa kamar yadda take koyon jure wa magani. Rauninsa shi ne hasken ba ya nutsawa cikin nama da nisa, amma cutar ƙarƙashin roba a sama-sama take, ga baki a buɗe, ga haƙoran ana iya cire su a haska su daban.

Magani da haske ba baƙo ba ne gare mu. Duk uwar da aka taɓa kwantar da jaririnta saboda shawara ta ga shuɗiyar fitilar da ake sa jarirai a ƙarƙashinta, kodayake ita wannan ba ta buƙatar rini. Likitocin haƙori ma da shuɗin haske suke daskarar da farin cikon haƙori.

Abin da aka gwada a Araraquara

A jihar Sao Paulo ta Brazil akwai garuruwa biyu maƙwabta, tsakaninsu kimanin kilomita 40. Sao Carlos na da cibiyar nazarin fiziks ta Jami'ar Sao Paulo, inda Farfesa Vanderlei Bagnato da abokan aikinsa suka shahara wajen amfani da haske a harkar lafiya. Araraquara kuwa na da makarantar koyon aikin haƙori ta Jami'ar Jihar Sao Paulo, inda Farfesa Ana Cláudia Pavarina ke jagorantar bincike a kan Kandida da haƙoran roba. Masu fiziks suka ƙera fitilu daidai da siffar ganɗa da ta haƙoran, likitocin haƙori suka kawo majinyata da sanin cutar.

A 2012 suka buga sakamakon wani gwaji da Ewerton Mima ya jagoranci rubuta shi. Sun ɗauki majinyata 40, suka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Mutum 20 aka ba su nistatin sau huɗu a rana har kwana 15. Sauran 20 aka riƙa fesa musu wani rini a ganɗa da kuma jikin haƙoran robar, a jira minti 30, sannan a haska da shuɗiyar fitila na minti ashirin da wani abu, sau uku a mako, cikin kwana 15 ɗin. Duka hanyoyin biyu sun rage yawan Kandida sosai. Da aka duba waɗanda jan ganɗarsu ya warke ko ya ragu, sai aka samu kashi 53 cikin ɗari a ɓangaren nistatin, kashi 45 a ɓangaren haske.

Waɗannan alƙaluma na faɗin abu biyu. Na farko, rini da haske sun yi kafaɗa da kafaɗa da maganin da aka fi shekara sittin ana dogaro da shi, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne, musamman ga wanda magani ya daina yi wa aiki, ko mai shan wasu magunguna da ba sa jituwa da na Kandida. Misali, mai shan warfarin don tsinka jini yana cikin haɗarin zubar jini in ya yi amfani da mikonazol. Na biyu, kusan rabin majinyatan kowane ɓangare ba su samu yadda ake so ba. Gwaje-gwajen da suka biyo baya, da wasu rinin daban, sun ci gaba da nuna cewa hasken na kashe ƙwayoyin, amma cutar na komowa ga mutane da dama bayan makonni. Masu binciken ba su ɓoye wannan ba, sun rubuta shi yadda yake.

Darasi na farko: cutar a jikin robar take

Babban abin lura a gwajin Araraquara shi ne ba baki kaɗai suka haska ba, har da haƙoran. Sun san cewa robar ce matattarar ƙwayoyin. Wanda ya sha magani ya mayar da haƙoran da ba a tsabtace ba cikin bakinsa, tamkar wanda ya tace ruwa ne ya juye shi cikin randar da ta yi gansakuka. A nan ne mu muka fi yin sakaci. Mutum zai je kemis ya ce bakinsa na yi masa zafi, a miƙo masa ƙwayoyin magani, ba wanda zai ce masa, “Baba, cire haƙoran mu gani.” Ya sha, ya ji sauƙi, bayan wata guda abin ya dawo, ya sake saye. Ta haka ake koya wa ƙwayar cuta taurin kai.

Kwana da haƙoran roba kuma illarsa ba a baki ta tsaya ba. A birnin Tokyo na Japan an bi tsofaffi 524 masu shekara 85 zuwa sama har tsawon shekara uku, aka buga sakamakon a 2015. Daga cikin 453 masu haƙoran roba, 186 da su suke kwana. An samu haɗarin kamuwarsu da ciwon huhu na nimoniya ya ninka na masu cirewa fiye da sau biyu, domin abin da ya taru a baki yana iya silalewa cikin huhu lokacin barci. Da yawa daga dattawanmu kunya ce ke hana su cirewa: miji ba ya son matarsa ta gan shi babu haƙori, kaka ba ta son jikoki su yi mata tsiya. Kunya abu ce mai kyau, amma kofi mai murfi a gefen gado ya isa ya raba wannan gardama.

Darasi na biyu: gini daga tushe ake fara shi

Brazil ba da fitila ta fara ba. A 2004 gwamnatin ƙasar ta ƙaddamar da shirin kula da lafiyar baki na ƙasa mai suna Brasil Sorridente, wanda ya shigar da ma'aikatan haƙori cikin asibitocin unguwanni, ya buɗe cibiyoyin ƙwararru, ya kuma tallafa wa ɗakunan haɗa haƙoran roba domin talaka ya samu ta hanyar tsarin lafiya na gwamnati. Inda ake da irin wannan tsari, mai haƙoran roba yana da wurin komawa a duba shi, likita kuma yana da rajistar da zai bi.

Mu auna da halinmu. Hanyar haske na buƙatar majinyaci ya zo asibiti sau uku a mako. Ga mazaunin Tarauni ko Hausawa ko Darmanawa wannan mai yiwuwa ne. Ga tsohuwar da sai ta shiga mota daga ƙauye ta sauka a Unguwa Uku, da ɗan rakiya, da kuɗin mota zuwa da dawowa, nauyi ne babba, alhali kwalbar nistatin a gida za ta yi amfani da ita. Saboda haka ko da fitilar ta iso Kano gobe, ba za ta maye gurbin tsabta da maganin da aka sani ba. Gurbinta shi ne wajen waɗanda cutar ta ƙi jin magani, da waɗanda magani zai cutar da su. Duk wanda ya tallata ta a matsayin maganin kowa da kowa, kasuwa yake nema.

Darasi na uku: ilimin da ke maƙwabtaka ya gaisa

Abin da ya fi burge ni a labarin Brazil shi ne ba su jira an kawo musu na'ura daga Turai ba. Masana biyu daga fannoni daban suka zauna a tebur ɗaya. Kano na da duk abin da ake buƙata don yin haka. Jami'ar Bayero na da tsangayar koyon aikin haƙori da ke aiki a Asibitin Malam Aminu Kano, tana da sassan fiziks da kemistiri da injiniyan lantarki da nazarin ƙananan halittu, kuma nisan da ke tsakaninsu bai kai na Sao Carlos da Araraquara ba. Ga Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote a Wudil. Ƙananan fitilun zamani ba sa cin wuta, batir ko faifan sola na iya riƙe su. Shuɗin rinin metilin kuwa tun 1876 aka haɗa shi a Jamus, ba shi da tsada, ɗakunan gwaje-gwajenmu ma suna amfani da shi.

Nijeriya ta taɓa nuna za ta iya irin wannan aiki. A 2015 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Legas, inda aka yi wa jarirai masu shawara magani da hasken rana da aka tace ta cikin wata leda ta musamman mai tare zafi da haske mai cutarwa, aka ga yana aiki lafiya lau. Matsalarmu ta rashin wuta ce ta haifi wannan bincike, duniya kuma ta amfana da shi.

Akwai dalilin da ya sa dole a gwada a nan kafin a yarda. Abincinmu daban, cin goronmu daban, irin robar da aka fi sawa a nan, wato mai cike giɓin haƙora kaɗan, ita ma daban take da cikakkun haƙoran da aka fi gwaji a kansu a can. Sannan akwai wani rauni na jini da ake gado, ƙarancin sinadarin G6PD, wanda ya yawaita a Nijeriya, kuma an san rinin metilin na iya farfasa jinin masu shi in ya shiga jiki da yawa. Abin da ake shafawa a baki kaɗan ne, amma wannan ya isa hujjar cewa aikin na asibiti ne, ƙarƙashin idon likita. Kada wani ya ji labarin nan ya kwaɓa kurkum ya shafa a ganɗa ya haska tocila. Nau'in rini, da yawansa, da launin haske, da tsawon lokaci, duk a aune suke.

Abin da ke hannunmu tun daga daren yau

Rigakafi ya fi magani. Mai haƙoran roba ya cire su kowane dare. Ya wanke su da buroshi mai laushi da sabulu, ciki da waje, a kan kwano mai ruwa don kada su faɗi su karye. Kada ya zuba musu tafasasshen ruwa, domin yana lanƙwasa roba. In zai jiƙa su cikin ruwan kashe ƙwayoyin cuta, ya tambayi likitan haƙori wanne ne da kuma yadda ake sirka shi, musamman in akwai ƙarfe a jikinsu. Ya goge ganɗa da harshe da dasashi da sauran haƙoransa. Mu da muka tashi da sunnar asuwaki, bai kamata wannan ya yi mana wuya ba. Ya je a duba bakinsa aƙalla sau ɗaya a shekara ko da ba ya jin komai, in robar ta fara rawa kuma a gyara ko a sake ta. Wanda cutar ke yawan dawo masa ya auna suga. Gyambon baki da ya haura mako biyu bai warke ba kuwa, a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba, domin sankarar baki ma haka take farawa.

Kirana ga likitocinmu na haƙori da malaman Jami'ar Bayero shi ne su fara da ƙidaya: cikin masu haƙoran roba da ke zuwa asibitocin Kano, nawa ne ke da wannan cuta, wane jinsin Kandida ne, wane magani ne ya daina yi masa aiki. Daga nan sai a gayyato masu fiziks a ƙera fitila, a gwada bisa ƙa'ida, a faɗi sakamako ko mai daɗi ko marar daɗi. Ma'aikatar Lafiya ta jiha ta sa duba bakin tsofaffi cikin aikin asibitocin unguwanni da na masu ciwon suga. Masu haɗa haƙora kada su sallami kowa sai sun koya masa wankewa da cirewa. Masu kemis su riƙa tura mai ciwon baki wurin likitan haƙori maimakon su miƙa masa ƙwaya.

Kai kuma mai karatu, in akwai mai haƙoran roba a gidanku, mahaifi ne ko mahaifiya ko kaka, ka samo masa buroshi da kofi mai murfi, ka yi masa bayani cikin ladabi, ka kuma raka shi a duba bakinsa kafin wata ya ƙare.